Juyin Littafi da Tsaron Amana: Daga Gafakar Gwani Zuwa Rumbun Bayanai a Ƙasar Konduga

Wanda ya fito daga Yerwa, wato Maiduguri, ya kama hanyar Bama, ya bar jami'a a bayansa, ya wuce Dalori, to, bayan tafiyar kimanin kilomita 35 zai iske kansa a Konduga, gari mai tsohon asali da ke zaune a bakin kogin Ngadda, bisa wani dogon tudun rairayi wanda masana ƙasa suka tabbatar cewa shi ne gaɓar Tafkin Chadi a zamanin da tafkin yake da faɗin teku. A cikin ƙasar wannan gari ne Alau take, inda riwayar Barebari ta ce aka binne Mai Idris ɗan Ali a ƙarshen ƙarni na 16, har aka riƙa yi masa laƙabi da Alauma saboda makwancinsa. A nan ne kuma gwamnati ta gina madatsar ruwa a shekarun 1980, wadda ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024 ta malale birnin Maiduguri. Shekara goma kafin wannan ruwa, a watan Fabrairu na 2014, 'yan Boko Haram suka auka wa garin Konduga, suka kashe bayin Allah, suka cinna wa gidaje da masallaci da gine-ginen hukuma wuta. Ƙasar da ta ga wuta ta kuma ga ruwa a tsakanin shekara goma, ita ce ta fi cancanta a yi nazari a cikinta a kan wata tsohuwar sana'a da mutane ba su cika ba ta darajarta ba, wato juyin rubutu domin ajiya, da maido da shi bayan asalin ya halaka.

A wannan zamani namu sunayen jama'a da kuɗinsu na banki, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da tarihin ciwon majinyata, da rajistar masu zaɓe, duk suna barin kundin takarda suna komawa cikin abin da ake kira rumbun bayanai, wanda yake zaune a cikin wata babbar kwamfuta, uwar garke, da sauran kwamfutoci suke neman bukatunsu daga gare ta. Samarin da aka damƙa wa kiwon waɗannan na'urori a ofisoshin Maiduguri suna da wani babi a cikin iliminsu wanda ya shafi ɗaukar kwafin ajiya da maido da rumbu idan ya lalace, kuma galibinsu suna zaton babin tare da kwamfuta ya zo daga Amurka. Na'urar kam daga waje ta zo, babu jayayya. Amma sharuɗɗan aikin, waɗanda in an cika su ajiya ta tsira, in an tauye su ta salwanta, malaman Borno sun san su, sun kuma yi aiki da su ƙarnuka kafin a ƙera na'urar farko. Abin da ya sa nake son in bi tarihinsu a tsanake kuwa shi ne ina tsoron kada mu karɓi sabon kayan aiki mu saki tsohon ladabin aikin.

Asalin al'amarin a wurin Musulmi yana komawa ne ga zamanin Halifa Abubakar, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da aka yi yaƙin Yamama aka rasa mahaddata masu yawa a cikinsa, Sayyidina Umar ya ji tsoron abin da zai biyo baya in mutuwa ta ci gaba da ɗaukar masu riƙe da Alƙur'ani a ƙirji, ya ba da shawara a tattara shi a rubuce. Aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu wannan nauyi, ya bi abin da aka rubuta a kan fatu da ƙasusuwa da rassan dabino da fararen duwatsu, yana gwama shi da abin da ke cikin ƙirazan mutane, bai wadatu da ɗaya ba sai ɗayan ya shaide shi. Takardun suka zauna a hannun Abubakar, sa'an nan Umar, sa'an nan 'yarsa Nana Hafsa, a matsayin ajiya. Har zamanin Halifa Usmanu ya zo, saɓani ya fara bayyana a tsakanin mutanen garuruwa a kan ƙira'a, sai ya aika aka aro su daga wurin Hafsa, aka juya mus'hafai daga gare su, aka rarraba zuwa Kufa da Basra da Sham, aka mayar mata da asalin. Mai lura zai ga cewa a cikin wannan ƙissa ɗaya an tara rukunan sana'ar gaba ɗaya, domin an zuba abu a mazubi biyu da ba su yi kama da juna ba, ƙirji da takarda, ta yadda annobar da take cin ɗaya ba ta cin ɗayan, an tantance kafin a ajiye, an koma ga ajiyar ranar da bukata ta taso aka same ta lafiya, an kuma watsa abin da aka juya a garuruwan da suke nesa da juna.

A duk ƙasashen Sudan babu wadda ta shahara da riƙon wannan gado kamar Borno, shi ya sa har yau idan Bahaushe ya ce ɗansa ya tafi gabas, kowa ya san neman Alƙur'ani ya tafi. Tsarin tsangaya kuwa, in an dube shi da idon basira, tsari ne na juyi da maidowa tun daga farkonsa har ƙarshensa. Yaro yana rubutawa a allo, ya haddace, ya wanke, wato ya juye abin da ke kan itace zuwa cikin ƙirjinsa. Idan ya girma ya kammala hadda sai a juya masa aikin, a ce ya fitar da abin da ke ƙirjin ya mayar kan allo ba tare da ya dubi mus'hafi ba, wannan shi ne satu, sa'an nan ya kai allon gaban gwani a wurin darasu, inda mahaddata suke zagaye suna bin rubutun baƙi-baƙi, wasali-wasali, duk inda ya tauye alif ko ya ƙara ɗigo a tsayar da shi a gyara. Ba a kiran mutum alaramma don ya ce ya haddace, ko don an ji shi yana tilawa da daɗin murya, sai ya zauna ya rubuta izu sittin da ka a takarda, da baƙar tawada da ja da rawaya kowace a muhallinta, bisa riwayar Warshu, an duba an ga daidai ne. Hikimar da ke cikin wannan sharaɗi babba ce ƙwarai, domin malaman sun gane cewa ajiyar da ba a taɓa fito da ita an gwada ba zato ce kawai, komai kyawun niyyar mai ita.

Ba su tsaya nan ba, har suka raya wani fanni da ake kira harji, wanda lissafin kalmomin Alƙur'ani ne: wace kalma ta zo sau nawa da wannan siffa, a waɗanne wurare, ina ta zo da fataha ina ta zo da kisira, ina aka tabbatar da alif ɗinta ina aka share shi. Gwanaye sukan sa ƙananan alamomi a gefen shafi domin wannan lissafi, ta yadda idan mai juyi ya yi tuntuɓe a ayoyi masu kama da juna, adadin ba zai cika ba, sai kuskuren ya tona kansa. Injiniyoyin kwamfuta suna da 'yar'uwar wannan dabara, domin sukan sa na'ura ta lissafo wata lamba daga cikin bayanan da aka kwafa, a ajiye lambar tare da kwafin, ranar maidowa a sake lissafawa, in lambobin biyu suka saɓa an san wani abu ya ruɓe a hanya. Bambancin kawai shi ne gwani yana shekaru kafin ya mallaki lissafinsa, na'ura kuwa tana gama nata kafin a ajiye alƙalami.

Juyi sana'a ce da ake ci da ita. Takarda daga Italiya take zuwa ta Tarabulus da Fezzan a bayan raƙuma, mai alamar jinjirin wata uku a cikinta idan an ɗaga ta ga haske. Tawada ta gida ce, daga bagaruwa da ƙaro. Alƙalami kuma na kara. Turawan Birtaniya da suka sauka Kukawa a 1823, Denham da Clapperton, sun ba da labarin cewa mus'hafan da marubutan Borno suke juyawa ana kai su har Magrib da Masar a sayar da tsada. Ba a ɗinke littafi a wannan ƙasa, fallaye ne sake a tsakanin tadarishi a cikin gafaka, kuma a ƙasan falle mai juyi yakan rubuta kalmar farko ta fallen da ke biye, domin in iska ko gudun hijira ya watsa su, mai haƙuri ya iya mayar da kowane mazauninsa. Idan an gama juyin littafin fiƙihu ko nahawu sai a yi muƙabala, ɗaya ya riƙe asali yana karantawa, ɗaya ya riƙe sabon juyi yana bi, abin da aka tsallake a rubuta shi a gefe a sa masa alamar inganci; a ƙarshe kuma mai juyi ya rubuta sunansa, wani lokaci da sunan wanda aka juya wa da ranar gamawa, ya roƙi addu'ar mai karatu. Ni kam ina ganin waɗannan masu juyi ba a biya su haƙƙinsu na yabo ba, domin muna ambaton mawallafa muna yi musu tarahhumi, alhali da wuya littafi ɗaya nasu ya ƙetare shekara ɗari uku na gara da damina in ba don wani bawan Allah da ya sunkuya a inuwar zaure yana juyawa ba.

Sarauta ma tana da nata rabo a cikin wannan. Sarakunan Saifawa sukan ba gidajen malamai wata takarda da ake kira mahram, wadda take haramta wa hakimai da mayaƙa taɓa dukiyarsu ko ɗora musu haraji, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce wadda ake dangantawa ga Mai Umme Jilmi, a ƙarshen ƙarni na 11, zuwa ga malaminsa Muhammadu ɗan Mani. Abin da ya iso hannun masu bincike daga irin waɗannan tsofaffin takardu juyi ne na juyi, domin zuriyar da take riƙe da mahram ta san cewa 'yancinta yana rataye da shi, sai ta riƙa sabunta shi kafin ya mutu, tana neman sarakunan baya su tabbatar da shi. A nan akwai wani aibi da ya wajaba a faɗa ba tare da kara ba, wato duk juyin da mai amfana da shi ya yi, ba muƙabala ba shaidu, ƙofa ce ta ƙari da ragi, kuma masana tarihi sun sami wuraren da suke tuhumar hannun 'yan baya a cikin waɗansu mahramai. Da zarar ƙarin ya shiga, masu juyi na gaba za su tsare shi da aminci irin wanda suke tsare gaskiya da shi, ba tare da sun sani ba.

Babbar jarrabawa ta zo a 1808, sa'ad da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci Birnin Ngazargamu, wanda yake mazaunin sarauta da ilimi tun zamanin Mai Ali Gaji a ƙarni na 15. Sarki ya fita, malamai suka watse, aka ƙwato birnin aka sake cinsa ba da jimawa ba, daga bisani aka bar shi kufai. A cikin wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya aika wa shugabannin jihadi, yana muhawara da su a kan halaccin yaƙar Borno, har da kukan cewa an wulaƙanta littattafai an watsar da su a kan hanyoyi alhali da sunan Allah a cikinsu. Muhammadu Bello kuma, da ya zo amsawa, bai musanta aukuwar irin wannan ba, sai dai ya barrantar da shugabanni ya jingina shi ga jahilan runduna. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne hanyar da wannan muhawara ta bi ta iso gare mu: Bello ne ya juya wasiƙun abokin jayayyarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, almajiran Sakkwato suka yi ta juya littafin, sai hujjar Borno ta sami mafaka a cikin gafakar waɗanda aka kafa hujjar a kansu. Wannan adalci ne irin na malamai, kuma ya amfani Borno ta inda mai yinsa bai nufa ba.

Daular Saifawa ta ƙare a 1846, kuma a 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Kukawa a zamanin Shehu Umar. Ya ba da labarin cewa sabon gidan sarauta ba ya son a riƙa tuna tsohon, har ana ɓatar da takardunsa, saboda haka da sirri ya sami Diwanin sarakunan Borno, 'yan fallaye kaɗan da suka jera sarakuna tun daga Kanem, da nasabarsu da shekarun mulkinsu da inda kowane ya rasu. Juyi biyu aka yi masa, ɗaya yana birnin Halle a Jamus, ɗaya yana Landan, kuma da yake ba su dace da juna a kowane wuri ba, sai da wani masani, Dierk Lange, ya yi musu muƙabala ya buga a 1977 kafin a sami nassin da masu bincike suke dogara da shi. Ta hannun Waziri Alhaji Bashir kuma Barth ya sami tarihin Imam Ahmad ɗan Furtu, babban limamin Mai Idris Alauma, kashi biyu da ya rubuta a 1576 da 1578, ɗaya a kan shekara goma sha biyu na farkon mulkin Mai Idris, ɗaya a kan yaƙoƙinsa na Kanem. A 1893 Rabeh ya ci Kukawa ya ƙone ta, ya kafa mazauninsa a Dikwa. Saboda haka abin da yara suke karantawa yau a makarantun Konduga game da sarkin da yake kwance a ƙasarsu, da 'yan bindigar da ya samo ta hannun Turkawa, da masallatan da ya gina da ƙasa a maimakon kara, da hajjinsa, da tsayuwarsa ga shari'a, mafi yawansa daga waɗannan fallaye ya fito, waɗanda suka bar Kukawa shekara arba'in kafin wutar Rabeh. Sauran shekarun mulkinsa kuwa, da ba su sami irin wannan littafi da ya iso gare mu ba, sai 'yan layuka da riwayar baka.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin ba abin alfahari ba ne a ce ɗan Borno sai ya nemi tarihin kakanninsa a Halle. Amma kada ɓacin rai ya rufe mana darasin: Barth bai fi malaman Kukawa son ilimi ba, hannun marubutan Borno ne ma ya juya masa, abin da ya tsirar da juyinsa nisa ne kawai, ya kasance a inda wutar ba ta kai ba.

A ƙarshen shekarun 1950 wani jami'in sashen kayan tarihi, A. D. H. Bivar, ya bi gidajen malamai ya ga tsofaffin mus'hafai na Borno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da tarihin shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669, da sharhi a tsakanin layuka cikin tsohon harshen Kanembu, dangin Tarjumo da malaman Yerwa suke fassara da shi har yau. Littafin da ya girmi faɗuwar Ngazargamu da fiye da ƙarni bai kai ga idon Bivar ba sai don wani gida ya riƙa ɗaukarsa duk inda ƙaura ta kai shi. Bivar ya ɗauki hoton mus'hafan ya bar wa masu su kayansu, kuma hanyar nan ce Jami'ar Ibadan ta bi sa'ad da ta kafa cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a 1964, haka ma shirin binciken tarihin Arewa a Zariya ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith: a ari littafi, a ɗauke shi a siririn fim, a mayar wa mai shi. Mutanen Timbuktu kuwa, da fitina ta same su a 2012, tsohuwar hanya suka bi, suka zuba dubban ɗaruruwan littattafai a akwatunan ƙarfe suka kai Bamako ta mota da kwalekwale, don haka wutar da aka sa a cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013 ba ta ci sai 'yan dubbai ba.

To, yanzu mu zo ga rumbun bayanai. Tun farkon shekarun 1950 da aka soma ajiye bayanan kwamfuta a kan kaset na maganaɗisu a Amurka, masu aikin suka gane wajibcin ɗaukar kwafi a kai shi wani gini dabam, kuma har yau manyan ma'aikatu ba su bar kaset ba saboda araharsa da daɗewarsa. Sai dai rumbu ya bambanta da littafi ta wata fuska mai wuyar sha'ani, domin littafi in an gama shi ya tsaya, mai juyi yana iya yin wata shida a kansa babu abin da zai sauya, rumbu kuwa ba ya tsayawa, a cikin daƙiƙar da ake juya shi wani yana biyan kuɗi a babbar kasuwar Maiduguri wani yana karɓa a Bama; idan aka kwafe shi kai tsaye yana cikin motsi, sai a tarar da kuɗin da ya fita daga asusun mai saye bai shiga na mai sayarwa ba, kwafin ya zama ba ya wakiltar kowane lokaci na haƙiƙa. Maganin da masana suka samo shi ne na'urar ta riƙe wani kundi na dabam, wanda take rubuta kowane canji a cikinsa bi da bi kafin ta zartar da shi. Sai a ɗauki cikakken juyi, misali daren Juma'a, a sauran ranaku a riƙa ɗaukar abin da ya sauya kawai, ana kuma kwashe kundin canje-canjen zuwa wani wuri a kai a kai. Ranar musiba a kawo sabuwar na'ura, a zuba mata cikakken juyin, a bi shi da na ranaku bisa tartibinsu, sa'an nan a maimaita mata kundin tun daga inda aka tsaya har zuwa mintin da ya gabaci ɓarna, a dakata nan. Wanda ya karanta ilimin isnadi zai gane haɗarin da ke ciki nan da nan, domin in mutum ɗaya ya faɗi a tsakiyar silsila, duk abin da aka rataya a bayansa ya raunana.

Akwai kuma wani ruɗi da ya yaɗu, na waɗanda suke ajiye na'ura ta biyu tana kwaikwayon ta farko nan take, su ɗauka sun yi ajiya. Tana da amfani in ta farkon ta mutu, amma in ma'aikaci ya share abu bisa kuskure, ko ɓarayin intanet suka kulle bayanai suna neman fansa, ta biyun za ta kwaikwayi ɓarnar kafin a ankara. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab ya share rumbun kamfanin, kimanin gigabait 300, yana zaton a kan na'ura ta biyu yake aiki. Da aka waiwayi ajiya sai aka tarar hanyoyi biyar da aka tanada babu wadda take aiki yadda aka zata, wata ma ta daɗe da tsayawa ba wanda ya sani, domin ba a ɗora wa kowa gwada su ba. Abin da ya cece su wani juyi ne da aka ɗauka da hannu sa'a shida kafin ɓarnar, aikin sa'o'in nan shida kuwa ya tafi, kuma kamfanin ya bayyana wannan duka a fili domin wasu su wa'aztu, abin da ya cancanci yabo. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗansu abokan cinikinsa suka wayi gari asalinsu da ajiyarsu duk sun tafi, domin a haraba ɗaya suke. Na farkon sun ajiye ba su yi darasu ba, na biyun sun yi juyi ba su kai shi nesa ba. Daga irin waɗannan hasarori ne masu sana'ar suke ƙara riƙo da ƙa'idar da suke koya wa na ƙasa da su, ta kwafi uku a mazubi iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari.

Ƙa'idar da aka tsara a ƙasashen da wutar lantarki ba ta ɗaukewa kuwa tana bukatar ijtihadi kafin ta zauna a Borno. Ana cewa a tura ajiya ta intanet zuwa manyan rumbunan haya da suke nesa, kuma shawara ce mai kyau. Amma mutanen jihar nan sun ga watan Mayu na 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, da aka rufe layukan waya na tsawon watanni, sun kuma ga Janairun 2021 da aka fasa turakun wuta a hanyar Damaturu birni ya daɗe a duhu. Ajiyar da take Turai a ranar da babu layi tana nan lafiya, amma hannun mabukaci ba ya kai gare ta, saboda haka ba makawa sai an haɗa na nesa da na kusa. Ruwan Alau kuma, da ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a da babbar kasuwa da unguwanni irin su Gwange, ya nuna cewa gini biyu a birni ɗaya ba su yi nisa da juna ba muddin suna ƙasan madatsa ɗaya. Takardar da ta jiƙe ana iya shanya ta falle-falle a ceci wani abu, faifan da laka ta shiga kuwa ba ya karantuwa sai a hannun ƙwararru masu tsada da ba a samunsu a kusa. Sa'an nan amanar ajiya fuska biyu gare ta, kada ta ɓace, kada kuma ta faɗa hannun da bai dace ba, musamman a ƙasar yaƙi inda jerin sunayen mutane da ƙauyukansu da hoton yatsunsu zai iya zama sanadin cutarwa. Don haka ake kulle ta da mabuɗin sirri, mabuɗin kuma bai halatta ya zauna a kan mutum ɗaya ba, domin mun sha ganin ilimin da aka binne tare da mai shi.

Mutumin Konduga da ya gudu a 2014 ya zauna a sansanin Dalori ko a gidan dangi a Yerwa, sa'an nan Allah Ya nufa ya komo, yana bukatar ya tabbatar da abubuwan da a dā bai taɓa zaton za a tambaye shi hujjarsu ba: cewa gonar nan tasa ce daga tsamiya zuwa kwari, cewa ɗansa ya gama aji shida, cewa gidan nan gadon ubansa ne. Abin da ya riga ya shiga rumbun ƙasa, kamar lambar BVN ta banki da aka soma a 2014, ko lambar ɗan ƙasa, ko rajistar zaɓe, yatsansa da fuskarsa sun isa su maido masa da shi, domin asalin yana can inda wutar ba ta kai ba. Amma abin da yake a takarda ɗaya tak a cikin akwatin ƙarfe, ko a rajistar makaranta, in ya ƙone sai a koma ga mazubin farko, wato ƙirazan mutane, bulama da lawan da liman da dattawan unguwa su zauna su shaidi iyaka da gado da aure. Wannan maidowa ce ingantacciya, shari'a ma ta yarda da ita, kuma tana aiki muddin dattawan suna raye suna wuri ɗaya; sai dai yaƙin ya ci waɗansu, ya warwatsa waɗansu zuwa Kamaru da Nijar da Kano, sauran kuma shekaru suna tafiya da su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da ke gaban ƙaramar hukuma da masarauta da jami'ar da take bakin hanyarsu, a ganina, shi ne a zauna da waɗannan dattawa tun suna nan, a rubuta shaidarsu ta iyakokin gonaki da nasabar gidaje, a karanta musu abin da aka rubuta a gaban jama'a su gyara, a ɗauki hoton mus'hafai da mahramai da littattafan da suka rage a gidajen malamai a bar wa masu su kayansu, sa'an nan a ajiye juyi ɗaya a Konduga, ɗaya a Yerwa a saman bene, ɗaya a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. A kuma ɗora wa wani ma'aikaci, da sunansa a rubuce, wajibcin ya ɗauko ajiyar sau ɗaya a kowane wata uku, ya zuba ta a wata na'ura da babu komai a cikinta, ya buɗe, ya nemi wani gari na ƙasar Konduga, Kawuri ko Auno ko Jakana, ya gwada adadin gidajen da suka fito da adadin da aka shigar, ya sa hannu da kwanan wata.